Ka Je, Za Mu Neme Ka

Mutane da yawa suna zaton abin da mai neman aiki ya fi tsoro shi ne a ce masa ba a ɗauke shi ba. Ni da na sha yawo da fayil a hammata na san ba haka abin yake ba. In aka ce maka a'a, za ka ji ɗacinta a ranar, ka kwana da ita, gari ya waye ka nufi wata ƙofar. Abin da ke karya mutum shi ne a kira shi daga uwa duniya, ya ci bashi ya zo, ya tarar waɗanda suka kira shin ba su ma shirya ganinsa ba, a ƙarshe a sallame shi da "ka je, za mu neme ka". Daga nan sai shiru. Ba a ɗauke ka ba, ba a kuma ce ka cire rai ba.

Na gama hidimar ƙasa a 2016, shekarar da tattalin arzikin Najeriya ya durƙushe bayan faɗuwar farashin ɗanyen mai. Kamfanoni suna rage ma'aikata, mu kuma muna fitowa da takardu a hannu. Lissafin kuɗi na karanta. Alawus ɗinmu a lokacin naira 19,800 ne a wata, kuma ɗan abin da na tara daga ciki ya ƙare a fotokwafi, hoton fasfo, kuɗin kafe da takardar shaidar ƙaramar hukuma tun kafin in zauna gaban mai intabiyu ko ɗaya. Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, ni ne kuma na fara taka jami'a. Mahaifinmu ya rasu ina tsakiyar karatu. Umma tana soya ƙuli-ƙuli, tana sayar da man gyaɗa, tana zubin adashi da matan layinmu. Duk wanda ya fito daga irin wannan gida ya san ba shi kaɗai ke neman aikin ba, gidan ne gaba ɗaya ke nema ta hannunsa.

Kiran farko mai nauyi daga Legas ya zo. Saƙo ne a waya, da yamma, layi biyu kacal: an zaɓe ni, in zo rana kaza da ƙarfe takwas na safe, in taho da takarduna na asali. Babu sunan wanda zan nema, babu lambar da zan kira, ba a ma faɗi wane gurbi ne ba cikin waɗanda aka tallata. Na karanta wa Umma. Ba ta ce uffan ba, ta yafa mayafi ta fita. Da ta dawo ta ce ta roƙi uwar adashi an yi mata musanya da kwasar wata mata, ita za ta jira sai ƙarshen zagaye. Ta ƙirga mini kuɗin a tafin hannu, duk sun yi laushi suna ƙamshin man gyaɗa, ta ce, "Ka je, Allah ya sa rabonka ne ke kiranka."

Na hau doguwar mota a Sabon Gari. Ka wuce Zariya da Kaduna, ka ƙetare gadar Jebba, ga Ilori, ga Ogbomosho, ga Ibadan, ƙafafunka sun kumbura, bayanka ya riƙe. Duk tsawon tafiyar fayil ɗin yana kan ƙirjina, don in ya ɓata shekarun karatuna ne suka ɓata. Na sauka wajen wani ɗan unguwarmu mai shagon tireda a Agege, na kwana tsakanin katan-katan na madara da sabulu. Wani tela maƙwabcinsa ya ara mini dutsen guga na gawayi na goge riga. Ana idar da sallar asuba na kama hanya saboda cunkoso.

Maigadin kamfanin dattijo ne, mutumin Damagaram. Da na gaishe shi da Hausa ya faɗaɗa fara'a, amma da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya yi turus. "Ɗana, intabiyu yau? Wallahi ba wanda ya faɗa mini." Kafin hantsi mun taru da yawa a bakin get, kowa da irin saƙon nan a wayarsa, wani daga Inugu, wani daga Jos, wata daga Kalaba. Muka tsaya a rana har wata ma'aikaciya ta fito da takarda tana kiran sunaye, babu wanda ya amsa, can ta gane jerin wata ranar ce ta ɗauko. Aka shigar da mu wani dogon baranda mai kujerun da ba su ishi rabinmu ba. Ba wanda ya yarda ya fita neman abinci, don kowa na tsoron a kira sunansa ba ya nan. Azahar ta yi, ta nemi wucewa. Dattijon nan ne ya leƙo ya yafito ni, ya miƙo mini buta da ɗan buzunsa, ya ce, "Yi sallarka a ɗakina. In aka kira ka ni zan tsaya maka." Shi kaɗai ne a ginin nan ya tambaye ni sunana.

Bayan la'asar wani matashi ya fito ya ce manajan da zai gan mu ya tafi Abuja tun jiya, mu bar kwafin takardunmu, za a neme mu. Ɗan Inugun nan ya tambaya, cikin ladabi, ko wa zai biya mana kuɗin motar dawowa karo na biyu. Matashin ya ce shi ɗan aike ne, ya juya ya shige.

Da na koma gida Umma ta tare ni tun daga soro. Na ce mata, "An yi, sun ce za su kira." Sai bayan shekaru na iya faɗa mata ainihin abin da ya faru. A ranar bakina bai iya furta cewa kwasar adashinta ta tafi ne a zaman baranda ba. Ita kuwa ta ɗauki maganar da muhimmanci. Kullum in na shigo sai ta ce, "Mutanen Ikko sun kira?" Har ta daina tambaya, kuma daina tambayar ya fi tambayar ciwo.

Wanda bai yi jiran kira ba ba zai san yadda yake mallake mutum ba. Waya ba ta barin hannunka. In an ɗauke wuta ka kai ta wajen mai caji, sai ka zauna a gefen shagon ka kasa tafiya. Baƙuwar lamba ta shigo ka miƙe tsaye, ka gyara murya, ka amsa da Turanci, ashe wani ne ya yi kuskuren lamba yana neman mai kayan miya. Ba ka iya karɓar wani ƙaramin aiki da zuciya ɗaya, don kana ganin gobe za a kira ka. Wani abokin mahaifinmu ya nemi in riƙa kula masa da shagon siminti, na ce ya ɗan ba ni lokaci ina jiran sakamako. Ya ba wani. Wannan ita ce asarar da masu ɗaukar aiki ba sa gani: shirunsu yana hana mutum cin abincin da ke gabansa.

Sauran wuraren ba sai na tsaya dogon bayani ba. A Kaduna an tara mu ɗaruruwa jarrabawar kwamfuta a zauren da kwamfutocinsa ba su fi cikin aji ɗaya ba. Janareto ya mutu ana tsaka da yi, intanet ya ɗauke, agogon jarrabawar kuwa bai tsaya ba, da wuta ta dawo ya nuna lokaci ya cika. Wata baiwar Allah da ke kusa da ni ta bar jaririnta a hannun ƙanwarta a waje tun safe, tana jin kukansa ta taga, ta ce wa mai sa ido, "Don Allah malam, ko tambaya goma ban kai ba." Ya ce ba shi ya ƙera na'urar ba. A Abuja na shiga gaban mutum uku, ɗaya yana waya, ɗaya yana neman takarduna cikin tulin da ke gabansa bai samu ba, na ukun ya tambaye ni kwastoma nawa zan iya kawo musu a wata. Na ce ranka ya daɗe, gurbin akanta na nema. Suka kalli juna. Ashe an cike wannan tun makon jiya, masu talla ake nema yanzu, ba wanda ya tuna ya sauya sanarwar. A Kano kuma wata makarantar kuɗi ta ce in koyar da lissafi wata guda a matsayin gwaji. Na koyar, na yi jarrabawar yara, na duba takardunsu. Da wata ya ƙare aka ce mai makarantar ya tafi Umara, a jira shi. Daga baya na ji ba ni ne na fara irin wannan gwajin a ajin nan ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro in na waiwaya shi ne yadda na fara ɗora wa kaina laifin duk wannan. In dare ya yi sai in riƙa bitar kaina: ko rigata ce ba ta yi ba, ko Turancina ne ke da karin Hausa, ko da na yi magana da wancan matashin da wata murya da ya shigar da ni. Na daina zuwa majalisar abokai, don gaisuwar farko ita ce "ya ake ciki, an dace?" Na daina zuwa ɗaurin aure. Mutumin da aka wulaƙanta sau da yawa ba tare da an faɗa masa dalili ba, shi yake ƙirƙiro dalilin da kansa, kuma kusan kullum a jikinsa yake samo shi. Ga shekaru suna tafiya. Sanarwar bankuna da manyan kamfanoni takan ce kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27, alhali yajin aikin malaman jami'a na 2013 kaɗai ya ci daga Yuli zuwa Disamba. Duk watan da ka yi kana jiran kiran da ba zai zo ba, yana matsar da kai ne kusa da ranar da ba za ka ma cancanci nema ba. An sha ba ni shawarar in je kotu in yi takardar rantsuwa in rage shekaru. Na ƙi, amma na san waɗanda suka yi, kuma ban iya zaginsu ba.

Akwai kuma ɓarnar da rashin tsari ke yi wadda ta wuce ɓata lokaci. Yana ba macuta mafaka. In kamfanin gaskiya yana aiko da saƙo mara suna, mara lamba, mara bayani, yana kira yau ya ce gobe, to ta yaya za ka bambanta shi da ɗan damfara? Shi ma haka saƙonsa yake zuwa, sai dai ya ƙara da cewa a turo kuɗin gwajin lafiya ko kuɗin fom. Na ga masu digiri, masu hankali, sun tura. Ba wauta ce ta sa su ba, an riga an koya musu cewa neman aiki dama haka yake, a duhu ake yinsa. Kuma a cikin wannan duhun ne ake shigar da na gida. In babu ranar da aka tsayar, babu ma'aunin da aka faɗa, babu sakamakon da aka liƙa, wa zai tambayi yadda aka yi wane ya samu? Sai ka ji ana cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, a yi dariya a wuce, kamar ba haƙƙin wani aka ci ba. A 2023 kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki cinikin guraben aikin gwamnati, mutane suka fito bainar jama'a suna faɗin maƙudan kuɗin da suka biya don a ba su takardar ɗaukar aiki. Wanda ya taɓa zaman baranda bai yi mamaki ba.

Mafi munin misali kuwa duk ƙasar nan ta gan shi. Ranar Asabar, 15 ga Maris 2014, hukumar shige da fice ta kira masu neman aiki jarrabawa a filayen wasa na jihohi, duk a safiya ɗaya. Mutum fiye da dubu 500 ne suka nema, kowa ya biya naira 1,000, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. A babban filin wasa na Abuja, da Fatakwal, da Minna, da Benin, aka yi turmutsitsi a bakin ƙofofi. Aƙalla mutum 16 suka rasu, maza da mata, da fayil ɗinsu a hannu. Ina ɗalibi a lokacin, a rediyo na ji. Masu shirya abin sun san adadin waɗanda suka biya kuɗi, sun san girman filayen, lissafin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba. Abin da aka rasa shi ne wanda zai zauna ya tambayi kansa yadda safiyar za ta kasance ga mutumin da ke tsaye a layi. Zamana a barandar Legas ƙaramin abu ne ƙwarai in aka kwatanta, amma tushen ɗaya ne.

Wanda ya warkar da ni daga zargin kaina bai taɓa zama a ajin boko ba. Wani Alhaji ne mai sayen riɗi da zoɓorodo a kasuwar Dawanau, yana tara wa masu fitarwa waje. Kawuna ya ji yana neman mai riƙe masa lissafi, ya ba shi lambata. Shi da kansa ya kira. Ya faɗi sunansa, ya faɗi layin da rumbunsa yake, ya ce in zo bayan sallar azahar ranar Laraba, ya ce mu uku zai gani, ya faɗi abin da zai iya biya a wata, ya ce in bai yi mini ba kada in wahalar da kaina. Na ajiye wayar ina juya maganar, don tunda na fara nema ba wanda ya taɓa faɗa mini albashi kafin in taso.

Na same shi zaune a kan buhu, an shimfiɗa mini tabarma, an kawo ruwa mai sanyi. Bai karɓi fayil ɗina ba. Ya ce, "Malam, takardunka na yarda da su, kawunka ba zai yi mini ƙarya ba." Ya sa yaronsa ya ɗauko wani littafi mai baƙin bango, gefensa duk ya naɗe, ya buɗe shafin makon da ya wuce. Ya ce kaya sun shigo daga ƙauye mota biyu, an auna, an biya, amma da aka zo lodi an samu giɓi, in nemo masa inda yake. Na zauna na tara, na ɗebe, na sake tarawa. Lissafin ya daidaita tsaf, na ce ranka ya daɗe ban ga kuskure ba. Ya yi murmushi ya ce ai a takarda babu kuskure. Riɗin da aka auna da ƙasa da ƙaiƙayi a ciki ba shi ne riɗin da ke fita bayan an tankaɗe ba, ga nauyin buhun kansa, ga abin da ke zuba wajen juye. Wanda ya san kasuwa tun kafin ya taɓa biro zai tambaya ko an cire wannan.

Kafin magariba ya sake kirana. Ya ce, "Malam, na ɗauki ɗayan, ya girma a kasuwar nan, ya san awo. Kai hannunka a lissafi ya fi nasa tsafta, amma kaka ta kama, ba ni da lokacin koyarwa. Kada ka jira ni." Dama tun da zan tashi ya sa an ba ni kuɗin mota, na ce a bar shi, daga cikin gari na zo. Ya ce, "Ni na kira ka, baƙona ne kai. Ana kiran baƙo a bar shi ya koma da aljihunsa?"

A daren nan na yi barcin da na daɗe ban yi ba, ni da aka ce ba a ɗauke ni ba. Na san abin da na rasa, na san ba mutuncina ba ne, abu ne da ake koya. Na riƙa zuwa kasuwar ina zama wajen masu awo har na gane yadda ake cire ragi. Da wani abokin cinikinsa mai injin gyaran shinkafa ya nemi akanta, Alhajin ne ya ce akwai wani yaro. A nan nake har yau. Tun daga ranar na daina yarda da cewa tsari sai mai kuɗi ko mai kwamfuta. Kamfanin Legas yana da sashe guda na kula da ma'aikata, da na'urar sanyaya ɗaki, da tambari a bango. Alhaji waya ɗaya gare shi mai madannai da littafi mai baƙin bango. Bambancin shi ne ya ɗauka cewa lokacina ma lokaci ne.

Yanzu aiki ya juyo da ni ɗaya gefen teburin, nakan zauna cikin masu tantancewa in za mu ɗauki ma'aji ko mai kula da sito. Na ga yadda rikicewar ke farawa, kuma gaskiya ba kullum mugunta ce ba. Ana fitar da sanarwa kafin a tabbatar akwai kuɗin biyan albashin. Ana neman mutum ɗaya takardu ɗari su shigo, ba wanda aka ɗora wa karanta su. Maigida ya ce a kira mutane ranar Litinin, ya manta yana da tafiya. Da safe ake tsintar waɗanda za su yi tambayoyi, duk wanda aka gani ba ya komai a ce ya shigo, bai san ma wane aiki ake nema ba. Wani lokaci kuma an riga an yi wa wani alkawari, intabiyun don a fita kunya ne kawai. Kowa a ofis yana da aikin da in bai yi ba za a tuhume shi, amma ba wanda za a tuhuma don ya bar mai nema a rana, saboda mai nema ba ya da wanda zai kai wa ƙara, kuma yana tsoron in ya ɗaga murya ya rasa ɗan abin da yake sa rai. Na fahimci duk wannan. Ban karɓe shi a matsayin uzuri ba. Lokacin da nake jiran mutanen Ikko, saƙon waya naira 4 ne. Da sun kashe kuɗin lemo kwalba biyu da sun 'yanta duk wanda ya zauna a barandar nan.

Da maigidana muka yi doguwar magana kafin ya yarda da 'yan abubuwan da na roƙa. Ba ma kiran mutum sai mun karanta takardunsa mun ga da gaske muna iya ɗaukarsa, ko da hakan na nufin mutum biyar za mu gani maimakon hamsin. Muna faɗin aikin da albashin tun a waya. Kowa da sa'arsa, ba a tara su da asuba a ce su jira. Wanda ke nesa muna fara magana da shi ta waya, kada ya taso sai magana ta yi nisa. Batun kuɗin mota ne ya fi ja, ya ce, "Kai malam, kamfanin shinkafa ne ko gidan sadaka?" Na ce ranka ya daɗe, in mutum biyar ne ai bai kai kuɗin buhu ɗaya ba. Ya yi shiru, ya ce a yi. Kiran waɗanda ba a ɗauka ba kuwa ni nake yi da bakina, kuma ba ya daɗi. Wani ya yi godiya muryarsa na rawa, wani ya roƙe ka da girman Allah ka sake dubawa, wani ya kashe waya a kunnenka. Wata yarinya ta ce, "Yallaɓai, don Allah me na rasa?" Na faɗa mata: ba ta iya daidaita littafin sito da rasit ba, ta je ta koya, ba ya ɗaukar lokaci. Ta ce ba wanda ya taɓa gaya mata.

Ƙanina ne ke nema yanzu, kuma nasa zamanin ya fi nawa tsada. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka ya sake ninkawa, tafiya Abuja kaɗai sai gida ya ji a jikinsa. An ce yanzu ana yin intabiyu ta bidiyo, ya sauƙaƙa, kuma wani lokaci haka ne. Amma na gan shi ya sayi data, ya ari kwat, ya je ɗakin abokinsa mai sola, ya zauna gaban waya yana kallon fuskarsa shi kaɗai har lokacin ya wuce, ba wanda ya shigo, ba wanda ya aiko da haƙuri.

Na sa masa doka: duk wanda ya kira shi wani gari, kafin ya taɓa jaka ya tambayi abu huɗu. Wane aiki ne takamaimai, wa zai nema in ya isa, nawa ake biya, kuma yaushe za a faɗi sakamako. Ya tambaya da ladabi, ya ce daga Kano zai taso shi ya sa. Masu tsari suna amsawa ba tare da ɓacin rai ba, wasu ma su ce ya bari a fara ta waya. Wasu kuwa sai su hasala, su ce in yana so ya zo, in ba ya so akwai dubunsa. Irin waɗannan nakan ce kada ya je, don wanda ya kasa faɗa maka sunan wanda za ka gani ba zai iya faɗa maka ranar albashi ba.

Umma ba ta yarda da ni ba a kan wannan. Tana ganin ina toshe wa yaro ƙofa, ta ce rabo ba ya sallama kafin ya zo, wa ya sani ko a cikin hargitsin nan nasa yake. Watan jiya wani saƙo ya shigo masa daga Fatakwal, layi biyu, ba suna, ba lamba. Na ce ba inda za shi. Ta ce in ni ba zan ba shi kuɗin mota ba ita tana da kwasa a ƙarshen wata. Shi kuma yana tsaye a tsakaninmu da waya a hannu, shekararsa ta 27 tana ƙarewa. Muka tsaya a kan ya nemo lambar kamfanin ta wata hanya ya kira da kansa, in sun tabbatar da sunansa da ranar, ni zan biya zuwa da dawowa. Ya samo lambar. Ya kira ranar Litinin ba a ɗauka ba, ya kira Talata aka ce mai kula da wannan ba ta zo ba, a sake kira.